Yaya Ta Tsaya Inda Na So Tsayawa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Yayata ta riga mu, wata Laraba da hantsi, a ɗakin da Innarmu ta haife mu.

Ni ne babba yanzu a gidan, don haka ni aka shimfiɗa wa tabarma a zaure in karɓi gaisuwa. Na ɗauka mutanen unguwa ne za su zo, da ƴan abokan aikin da suka rage, a yi fatiha a watse. Amma tun ranar farko sai ga fuskokin da ban sani ba. Wani tsoho ya taso daga Ingal, rawani har bisa hanci. Ya zauna ya yi addu'a, sannan ba wanda ya tambaye shi, ya ɗaga riga a gaban jama'a, ya nuna wani dogon tabo ƙasan cibiya.

"Lokotoro, likitan fiɗa, ya tsaga, ita ta rufe," in ji shi. "Ku dubi yadda ya kwanta. Shekara nawa ina bisa raƙumi, bai taɓa damuna ba."

Daga cikin gida kuma ina jin wata baƙuwa da ta zo daga Dirku tana kuka, tana gaya wa mata cewa ta ciki aka fiddo mata ɗanta, kuma marigayiya ce ta fara ɗaukar shi. Jikokinmu sai kallon juna suke yi. Su abin da suka sani, tsohuwar nan ce mai sa su wanke hannu sau biyu kafin tuwo.

Ina ta cewa "Amin, mun gode," amma Allah Ya san abin da ya taso mini a ƙirji. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin likita a ƙasar nan, ban ga wanda zai taso daga Ingal ranar tawa mutuwar ba. Tsoho da furfura, yayarsa ba ta kwana biyu a ƙasa ba, yana kishinta. Shi ya sa na ce bari in rubuta wace ce ita. In ban faɗi nawa ba, ba za a gane nata ba.

Mu dukawa ne, a tsohuwar unguwa ta Agadas. Babanmu takalma yake ɗinki, Inna da Yaya suna yin jaka da matashin fata. Da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, ni aka ba da. Ita ba a ma yi zancenta ba. Na fito na farko, aka tura ni Yamai, na dawo da takardar anfirme, mai taimakon likita, daidai lokacin da ƙasa ta samu mulkin kai. A lokacin ana ta cewa nasara za su koma gida, ƴan ƙasa masu takarda su riƙe komai. Ina tafe cikin farar riga, tsofaffi suna ce mini Mushe, yadda ake girmama malaman lakwal da Faransanci. Yaya kaɗai ke ce mini Auta, ko a gaban mutane.

Ita kuwa ta dawo gida. Mijinta shofer ne, kamyonsa, babbar motar kaya, ya lalace a hanyar Bilma, ƙishirwa ta gama da shi kafin a kai gare shi. Ta fita takaba ba ɗa ba ɗiya, ta zauna tana ɗinki ba ta magana. Ni da kaina na nema mata aikin wanki a gidan likita, don ta riƙa fita tana ganin mutane. Aikinta wanke zannuwa, goge ƙasa, da dafa ƙarafan fiɗa a tukunya bisa risho. Da ƙafata na kai ta. Na daɗe ina tuna wannan.

Burina ɗaya ne, in tsaya kusa da lokotoro a ɗakin fiɗa ina miƙa masa kaya. Wurin majo ne, wato babban anfirme, wani dattijo da ya daɗe a aikin. Ni kuma na haddace sunan kowane ƙarfe da Faransanci, ina jiran ranata.

Ranar ta zo cikin bazara. Majo ya tafi rangadi Iferuwan, sai aka kawo wani mutumin ayarin gishiri da hanji ya shaƙe masa a gwaiwa, kwana biyu yana amai. Lokotoro wani nasara ne gajere, mai yawan zufa, mai saurin fushi. Ya ce in wanke hannu in shigo. Abin da ba a koya mini a Yamai ba shi ne, mutumin nan ba ya kiran sunan abin da yake so. Hannu kawai yake miƙowa, idonsa na cikin ciwon.

Ya tsaga. Jini ya yi tsartuwa. Ya miƙo hannu. Na dubi faranti, ƙarafa jere sun fi ashirin, duk na san sunansu, ban san wanda yake nufi ba.

"Wanne, Dokter?" na ce.

Ya sake kaɗa hannun. Na miƙa almakashi, ya jefar da shi ƙasa.

Sai na ji murya daga bayana, a hankali, da Hausa. Yaya ce, tana tsaye a kusurwa da tukunyar ƙarafa.

"Auta, hantsakin nan mai lanƙwasasshen baki. Na uku daga damarka."

Na miƙa. Ya karɓa, ya matse jijiyar, jini ya tsaya.

"Yanzu zare. Ba wanga ba, siririn."

Haka muka yi har aka rufe mutumin. Ita tana faɗa, ni ina miƙawa. Mutumin ya rayu. Da lokotoro ya cire safar hannu, bai dube ni ba. Ya nuna ta ya ce in tambaye ta wa ya koya mata. Ni ne tafinta, tun da ba ta jin Faransanci, shi kuma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

"Ba wanda ya koya mini," in ji ta. "Ni ke wanke su, na san wanda ke fara ɓaci da wanda ke fitowa a ƙarshe. Kuma ina da ido. In jini ya yi tsartuwa ga wanda ake so, in an kai ƙasa ga wanda ake so. Zare da allura kuwa, ka ce masa mu dukawa ne."

Rabin maganar na fassara masa. Hakan bai hana komai ba. Ya ɗauko lanƙwasasshiyar allura da zare, ya sa ta saka safar hannu, ya ce ta zura. Ta zura tana kallon fuskarsa. Da majo ya dawo, aka ce ya koya mata wankin hannu irin na fiɗa, da yadda ake tsayawa ba a taɓa abin da ba a dafa ba. Kafin shekara, in majo ba ya nan ita ake kira, ni a bar ni da masu gyambo a baranda.

Daga nan ta zama matar da jikokinmu suka sani. Ta yanke farce, ta bar lalle har abada, ta cire awarwaronta ta ba matata. In za ta miƙa maka ludayi ko wuƙa, ta wajen ƙota take miƙowa, ta buga maka a tafin hannu har ka ji. In ta wanke hannu sai ta ɗaga su sama, ta tura ƙyaure da kafaɗa. Tana da magana ɗaya da ta samo daga ƙyallayen tsane jini, waɗanda ake ƙidayawa kafin a rufe ciki don kar a bar ɗaya a ciki: "Ƙirga, ka sake ƙirgawa, sannan ka rufe." Haka take faɗa in za a rufe garken awaki, haka in za a rufe ƙofar gida bayan yara sun shigo.

Mutanen daji suna tsoron maganin barci, suna ganin ba za su farka ba. Ita sai ta tsaya a kan mutum ta tambaye shi raƙumansa nawa, wace ce ta kusa haihuwa. Yana cikin ba ta labari barci ya ɗauke shi. In ya farka, tambayar da ta tsaya a kai ita take fara yi masa, sai ya ga ashe bai je ko'ina ba.

Mutane suka fara sallama a ƙofar gidanmu. In na fito da farar rigata, sai a gaishe ni da ladabi a ce, "Mushe, yayarka muke nema." Inna tana zuba mata fura tana cewa, "Sha, ɗiyata, tsayuwa kika yi." Kamar ni a zaune na wuni.

Ta shiga karatun manya na yamma, matar lokotoro kuma tana ƙara mata Faransanci. Ta roƙe ni in riƙa duba mata rubutu, na ce ba ni da lokaci. Sai lokotoro ya ce zai tura ta babban gidan likita na Yamai, ta yi shekara biyu ta dawo da takarda. Takarda ita kaɗai ta rage mini da na fi ta.

Ga abin da na yi. Na je wurin Kawu, yayan Inna, malami ne, maganarsa ba a tsallake ta a danginmu. Ban ce masa ya hana ba. Na dai zauna muna shan shayi, na ba shi labarin yadda ake tuɓe maza a ɗakin, da yadda mace marar miji ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da nasara, ƙofa a rufe. Na yi ajiyar zuciya, na ce ni dai sunan gida nake ji.

Bayan la'asar ta Juma'a ya zo ya tara mu a zaure. Baba yana gefe da basilla a hannu, bai ɗago ba.

"Ba za ta Yamai ba," in ji Kawu. "Wanda take yi nan ma ya isa abin magana. Mace tsaye kan maza tsirara?"

"Kawu," in ji Yaya, kanta a ƙasa, "wanda aka kawo cikinsa a kumbure, rai yake nema. Kuma rufe shi ake yi duka, ba a barin sai wurin ciwo." Sai ta ɗago. "Amma Kawu, ba ka taɓa shiga ɗakin ba. Wa ya siffanta maka shi?"

Kawu ya gyara rawani ya ce ya gama magana.

Washegari ta tare ni bayan gidan likita, wurin igiyar shanya.

"Kai ne."

"Ni na yi mi?"

"Kar ka ƙara mini da ƙarya, Auta. Ba tsiraicin maza ya dame ka ba. Tsayuwata a wurin ce."

"Wurina ne!" na ce, har masu jinya suka waiwayo. "Ni na yi karatun. Shekara goma ina cin bulalar mushe. Ke wanki na kawo ki yi!"

"Gaskiya ne, wanki ka kawo ni," ta ce. "Amma ran nan da na yi shiru, da mutumin ya mutu a hannunka. Wanne ka fi so?"

Sai na ce mata marar kunya. Ban taɓa zagin ta ba sai ranar. Ta ɗauki kwandon zannuwanta ta wuce.

Baba ya bari har kwana goma suka wuce. Rannan da safe ya kira ta rumfarsa, ya ce ta ɗora ƙafa bisa fata, ya zana. Ya nemo farar fata mai laushi, ya ɗinka mata takalmi rufaffe, irin da bai taɓa yi ba, da ƙasa mai kauri.

"An ce daɓen can yana da santsi," in ji shi. "Kuma tsayuwar da yawa."

Iyakar maganarsa ke nan, kuma Kawu bai sake tayar da zancen ba. Na ɗauki takalmin da ba kowa, na juya shi, na dubi ɗinkin. Lokacin da za ni Yamai, cikin na sayarwa Baba ya zaɓo mini.

Ta hau kamyo ta tafi ba mu yi sallama ba. Majo kuma ya ajiye aiki, wurin ya zama nawa. Shekara biyu ina tsaye inda nake so. Na koya, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na daina miƙa almakashi a wurin hantsaki. Amma kullum hannun lokotoro yana jira na kaɗan, ɗan abin da bai kai numfashi ɗaya ba. Ita kuwa kafin ya buɗe hannu abin yana ciki. Wata rana yana tsakiyar aiki ya miƙo hannu ya kira sunanta. Bai ma san ya yi ba.

Da ta dawo da takardarta, nasaran ya koma ƙasarsu, an kawo mana lokotoro ɗan ƙasa, matashi, mai zafi shi ma. Ya sa mu aiki tare, ita a kan kaya, ni a kan ƙidayar ƙyallaye. Muna gaisawa a bakin aiki, a gida kowa da harkarsa.

Wata rana aka fiddo wa wata mata jariri ta ciki. Lokotoro ya ce, "Sun cika?" Na ce sun cika. Ya ɗauki allura zai rufe.

"Dakata, Dokter," in ji Yaya. "Saura ɗaya."

Na ce na ƙirga. Ta ce a sake. Aka baza su a ƙasa ɗaya ɗaya, ɗaya babu. Ya sa hannu ya laluba, ya zaro shi daga can bayan mahaifa, jawur, a dunƙule. Da an rufe da shi, da matar ta ruɓe daga ciki.

"Wa ya ƙirga?" ya daka tsawa.

"Mu biyu muka ƙirga," in ji Yaya. "Mu biyu muka sake."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ci gaba da ɗinki. Da an rubuta wannan a kaina, da aikina ya ƙare. Ya kamata in gode mata. Maimakon haka na yi mako ban ci tuwon da ta tuƙa ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙin haɗiya bisa ga wannan rufin asirin.

Ita ta zo ta same ni, ta zauna a bakin ƙofata.

"Ana neman wanda zai bi rugage yana yi wa mutane lambar rigakafin agana," ta ce. "Waɗanda aka tura, mutane gudunsu suke yi. Kai kana jin yarensu, Tamajak, kuma in ka zauna da mutum sai ya yarda. Na ga yadda ka juya Kawu da kofin shayi ɗaya."

"Korata kike yi?"

"Ɗakin nan ba naka ba ne, Auta. Kana tsaye a ciki kana kallona maimakon ka kalli mai ciwo. Wata rana za mu kashe wani."

Na tafi don fushi. Na yi shekaru ina yawo tsakanin duwatsun Abzin da Kawar, kuma a can na gane aikin da na iya. Ban taɓa gaya mata ta yi daidai ba. Ita kuma ta yi shekara kusan talatin a ɗakin nan. Lokotoro nawa suka zo suka tafi, kowane sabo ita ke nuna masa inda kaya suke. Ba ta sake aure ba. Ƴaƴana ta raina, su ne suka ba ta jikokin.

A ƙarshe hannun ne ya fara tafiya. Ya kama rawa, har ba ta iya kai kofi baki sai an riƙe mata. Da ciwo ya kwantar da ita aka rubuta mata allura safe da yamma. Yaran likita na yanzu suka zo, ta kore su.

"A kira mini ƙanena. Allurarsa ba ta da zafi."

Wata biyu ina zuwa. Wata safiya bayan na gama, ina naɗe kaya, na ce, "Yaya, zancen Kawu. Ban taɓa ce miki ki yafe ba."

"Tsohon zance. Baba ya biya maka da takalmi." Ta juyo da kai. "Har yanzu kana jin abin?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Har yanzu."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ɗaga ta na ba ta ruwa.

"To bari in gaya maka nawa," ta ce. "Ka tuna littafinka na farko, mai hoton zakara, wanda ya ɓata har mushe ya fasa maka baya?"

Na tuna. Kwana uku na yi ina kwanciya rub da ciki.

"Ni na ɗauke. Na ɓoye shi cikin fatun Inna. Ranar da aka tafi da kai lakwal na bi ku har ƙofa, aka koro ni. Shekara biyu ina fiddo littafin ina kallon baƙaƙen, ban san mi suke faɗi ba. Ina jin ana dukanka, ban fito da shi ba. Duk ranar da ka shigo da farar rigar nan, Auta, sai na ji kamar in yayyage ta."

Shekara sittin ina ganin ni kaɗai ke ɗauke da abin.

"Ka yafe mini littafin," ta ce.

"Na yafe. Ke fa?"

"Na yafe. Tashi ka wanke hannunka, ka taɓa allura."

Na tashi na wanke. Bayan kwana tara ta cika, ina riƙe da kanta.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinta, Ya sa kowane rai da aka ceto tana tsaye ya zama mata shaida. Wanda ya karanta wannan ya yi mata fatiha. In ya sami sarari, ya haɗa da ƙanenta.